Tsohuwar Ɗakin Gasa Taba

Ku matso kusa. Ke Kande, in kin san tsoro za ki ji, tashi tun yanzu, kar ki jiƙa mini tabarma.

Shekarar da kakanmu ya kwanta ciwo, Kawu Barau ne ya tsare ɗakin gasa taba na bayan gari. Noman gidanmu kaf yana rataye a ciki. In ya ƙone, ba hatsi, ba maganin tsoho.

Kwana shida ake hura wuta da itace, zafi na bin bututun ƙarfe. An lulluɓe bututun da yumɓu ninki biyu, ko ka dafa ba ka jin komai. Sai dai ka duba ma'aunin zafi da aka soka a jikinsa, mai allura da jan layi. In allura ta yi ƙasa, ganye ya ruɓe. In ta haura ja, gobara.

Mutum biyu ke kwanan gadi. Kawu kuwa, kun san shi da taurin kai, ya sallami abokin aikinsa.

Dare na biyar ya ji sallama. Wata tsohuwa ce a takure. Muryarta kamar daga cikin randa take fitowa.

"Ɗana, sanyi. In ɗan ji ɗumi?"

"Bismillah, Iya."

Ta zauna a bakin murhu. Ya haska ma'auni. Allura ta sauka.

Ya ƙara itace. Wuta ta kama ruri. Ya sake dubawa, ta ƙara sauka. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Shiru. Ya yi ta loda guma-gumai, gumi na tsiyaya, har itacen kwana biyu ya tafi.

Da ya sunkuya zai tura na ƙarshe, sai ya gani. Ƙafafunta biyu suna cikin garwashi, har idon sawu. Duk inda suka taɓa ya yi baƙi. Bakin zanenta na kwance kan wuta, ko hayaƙi ba ya yi.

Ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

Can zakara ya yi cara. Ta zare ƙafafunta a hankali.

"Na ji ɗumi. Zan koma."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi, da ƙyar.

"Mu ba ma tafiya da kayan mutane. Zafinka duk yana jikina. Ina zan juye maka? A bututu, ko a hannu?"

Kawu ya dubi allura. Tun kafin tsohuwa ta rufe baki, allurar ta fara hawa. Zafin itacen kwana biyu, a lokaci guda! Ya dubi ɗakin. Ya tuna tsohonsa a kwance.

Ya miƙa mata na dama.

Har cikin gari aka ji ihunsa. Da aka zo, allura na tsaye daidai inda ake so. Ganye ya gasu jawur, ko ɗaya bai ƙone ba. Kawu na kwance a ƙasa, hannunsa ya zama gawayi har gwiwa. Wallahi duk sa'ad da na tuna, sai tausayinsa ya kama ni.

Ku da ake ce wa injin niƙa ne ya cinye hannun, to, yau kun ji. Gobe kar wanda ya tambaye shi.

Kuma kowa aka ba tsaron wuta a bayan gari, kar ya kwana shi kaɗai. In ka ga wuta na ruri, allura na sauka, kar ka ƙara ko kara ɗaya. Dubi ƙafar wanda ke zaune kusa da kai.