Waken Bikin Jinƙai

Jinƙai ko sallama ba ta yi ba. Ta banka ƙofar biron noma, wato ofishin malaman gona na Madarumfa, ta zazzage kwanson wake a kan teburin Ruben, tsutsotsi suka bazu tsakanin kwalabensa.

"Dube su da kyau, malamin gona!"

"Jinƙai, abar ƙaunata..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Yohanna mai maganin feshi ya shinshina kwalbar, ya ce ruwa ka fesa wa waken babana. Ruwan rijiya zalla! Gaskiya ne ko ƙarya?"

Ruben ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne."

Wayyo Allah! Da ma ya yi mata ƙarya, da ta samu abin riƙewa.

Tun farkon damina Ruben ke fama da 'ya'yan bedi, wato dogon yaro. Sai ya dake su, ya kai Maraɗi, inda ake da wani ɗan akwatin kuran, wato lantarki, mai ɗumama abu cikin ƙiftawar ido. Wani garin ya ba shi wuta sosai, wani kaɗan, wani ya cika masa ruwa, wani ya rage, yana neman haɗin da zai fi kashe tsutsar wake. Manoman bakin tabki suka ba shi gonakinsu ya gwada, kowa ya zari takarda a cikin hula, kowace takarda da kwalbarta. Abin da bai faɗa musu ba, ɗaya daga cikin kwalaben ba komai a cikinta sai ruwa.

"Dole a bar gona ɗaya ba magani," ya ce a hankali. "In ba haka ba, ta yaya za mu gane ko bedi ne ya yi aiki, ko shekara ce ta yi kyau? Ƙuri'a ce ta faɗa kan Baba."

"Ƙuri'a! Ka san waken nan na mene ne?"

"Na sani..."

"Faɗi in ji!"

"Na bikinmu ne."

"To ka ciyar da tsutsa bikinmu! Ba kai kaɗai ka san abin da ke cikin kwalaben ba? Me ya hana ka canza?"

"Da wa zan canza? Gonar da ke jikin taku ta Inna Rakiya ce. Ga marayu a gabanta, Jinƙai."

"Ni kuma ba ni da uba ke nan?"

Ta buga ƙofa har sai da wata kwalba ta faɗi.

A gida ta tarar Yohanna ya riga ta, ya durƙusa gaban Baba Li'azaru kamar mutumin kirki. Shi ne mai sayar da maganin feshi da yake ɗaukowa daga Jibiya, kuma ya daɗe yana zagayen gidan nan, Jinƙai na korarsa. Yau kam bakinsa har kunne.

"Baba, gobe da safe zan zo da famfona. Abin da ya rage za mu cece shi, kuma kyauta. Ai an zama ɗaya."

Baba Li'azaru ya juyo, idanunsa jajur.

"Ke! Wannan yaron ya mai da ni abin gwaji a gonata. Kada ƙafarsa ta ƙara taka zauren nan. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba."

Ta ji kam, har ta so a ce an ƙara masa da duka.

Da safe ta bi su gona, zuciyarta na tafasa. Nan ta ga Inna Rakiya tsaye a cikin nata waken, kore shar, kwanso ya yi nauyi har yana taɓa ƙasa. Tsohuwar tana shafa ganyen tana hawaye.

"'Yata, tun da malam ya rasu ban taɓa ganin wake haka ba. Kuɗin maganin Yohanna ina na gan su? Bedi kuwa ga shi a ƙofar kowa."

Jinƙai ta kalli wannan gona, ta kalli tasu da ta zama kamar tsumma. Kan iyaka ɗaya, ruwan sama ɗaya. Ko makaho ya shafa ya san bambanci. In Yohanna ya fesa, bambancin ya tafi, wahalar shekara ta tashi a banza, su Inna Rakiya kuma su koma hannunsa.

Haushi ya ƙara kama ta, don ba ta so Ruben ya yi gaskiya ba.

Ta sha gaban Yohanna.

"Sauke famfon nan."

"Haba gimbiya, taimako fa na..."

"Taimakon wa? Tsoro kake ji a daina sayen gubarka! Sauke, ko in sauke maka!"

"Jinƙai!" Baba ya daka tsawa. "Waken bikinki ne!"

"Na sani, Baba. Nawa ne, na bar wa tsutsa. Ka yi haƙuri."

Ruben yana can gefe riƙe da kekensa, ya kasa matsowa. Ta nuna shi da yatsa.

"Kai kuma zo nan! Kar ka ɗauka na huce. Ruwan ba shi ne laifinka ba. Laifinka ka ɓoye wa dattijo abin da za a yi a gonarsa. Me ya sa?"

Ya zube gaban Baba.

"Tsoro na ji, Baba. Na ga in na faɗa, ba wanda zai yarda. Da ƙuri'a ta faɗa kanka kuma, sai na ji tsoron ka hana ni Jinƙai. Na yi kuskure. Baɗi a gonar gidanmu za a fesa ruwan, kuma a gaban kowa zan faɗa."

Baba ya daɗe yana kallon waken Rakiya.

"Da ka tambaye ni, da na ba ka, shashasha. Tashi."

Yohanna ya saɓa famfonsa ya yi gaba, ko waiwaye babu.

Bayan kaka aka ɗaura auren a majami'a. Waken Baba bai cika kwando ba, amma duk wanda bedi ya ceci gonarsa sai da ya aiko da tiya, Inna Rakiya kuwa da kanta ta ɗauko nata a ka. Aka dafa shinkafa da wake har maƙwabta suka ƙoshi.

Da aka kawo wa ango abinci, amarya ta janye kwanon, ta dire masa moɗar ruwa.

"Wannan fa, amaryata?"

"Ƙuri'a aka yi," ta ce, fuska a ɗaure. "Kai ta faɗa wa."

Ruben ya ɗaga moɗar ya shanye tas.

Sai a lokacin ta yi murmushi, ta turo masa kwanonta.

"Ci, masoyina. Amma ka sani, har yanzu da sauran haushi."