Siminti a Cikin Inji

Ranar Laraba ce al'amuran gidan Malam Isiyaku suka sauya, kuma da ƙafarsa ya kai kansa. Tsohuwar motarsa ce ta fara zafi, ya ce wa 'yarsa Mansura ta raka shi wani gareji a Badarawa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidansu na Rafin Guza.

Wanda ya tarbe su saurayi ne dogo, sunansa Sharhabil, hannu duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya ɗago zai gaida Mansura, sai gaisuwar ta maƙale. Ita kuma ta shiga gyaran mayafin da babu abin da ya same shi. Malam ya gani. Tsohon bakanike ne, ya san ƙarar da inji kan yi kafin ya buga.

Ba a jima ba wayar Mansura ta daina hutawa. Wata rana ta bar ta kan tabarma, saƙo ya shigo. Allah ya yafe wa Malam, ya karanta.

"Hasken idona, yau na ɗaure noti na kwance na sake ɗaurewa. Hankalina na Rafin Guza."

A samansa ga nata na safe: "Injiniyana, ka kula da hannunka, akwai mai shi."

Malam ya ajiye wayar yadda ya same ta. A saninsa, mai daɗin baki bai cika daɗin zama ba.

Sai ga Nazifi, ɗan masu hali daga Malali, cikin samarin nan masu wasan mota. Ya daɗe yana neman Mansura tana masa fuskar shanu.

"Baba, wallahi ba gulma ba ce," in ji shi. "Yaron nan Sharhabil siminti yake ɗura wa mutane a inji."

Malam bai yarda da Nazifi ba, amma bai yarda da kowa ba dama. A zamaninsa ya ga macutan da ke toshe tsagaggen bulok, wato gangar jikin inji, su shafa fenti, su sayar wa talaka. Washegari ya tsaya tsallaken garejin, ya gani da idonsa: Sharhabil ya daidaita bulok kan teburi, yana tsiyaya wani kwaɓi mai ruwan toka ta hanyar ruwa.

"Baba, ba simintin gini ba ne," Mansura ta ce da ya tare ta da maganar a gida. "Motocin tsere yake yi wa. In an sa wa mota turbo don ƙara mata gudu, ƙarfin yakan fi abin da bulok zai ɗauka, bangon silinda ya tsage. Shi ne ake cike ƙasan hanyar ruwa ya riƙe bangon, a bar saman ruwa ya zaga."

"Yaushe kika zama bakanikiya?"

"Shi ya..."

"Ya karantar da ke da kyau. Mai ha'inci ma yana da bayani, nasa ya fi na mai gaskiya tsari."

Ya kira amininsa Bitrus, mutumin Zonkwa, wanda suka yi ƙuruciya tare a ƙarƙashin motoci. Suka sayo fasasshen bulok a kasuwar Panteka. Bitrus zai kai wa Sharhabil, ya ce a ɗura masa siminti a rufe tsagar, yana da mai saye.

Bitrus ya dawo yana dariya.

"Isiyaku, yaron nan saura kaɗan ya yi mini wa'azi. Ya ce in kai wa 'yan gwangwan. Ka ba shi yarinya ka huta, tsohon banza."

"Amsar ta cika kyau," in ji Malam.

Kashegari bayan la'asar aka yi sallama. Sharhabil ne. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, na zo ne in ce kada a lissafa mini gwajin jiya. Na san kai ka turo Baba Bitrus."

Ya miƙa wayarsa da hannu biyu. Malam ya matso da ita kusa da ido.

"Injiniyana, Baba zai turo abokinsa da fasasshen bulok. Don girman Allah ka ƙi."

Daga bayan labule aka ji faɗuwar kwano.

"Ko ba ta faɗa ba, zan ƙi," Sharhabil ya ce, kansa a ƙasa, "amma yanzu ba ni da hanyar nuna maka haka. Ba na so a ba ni ita kan jarrabawar da na ci da satar amsa."

"Me ya haɗa ka da Nazifi?"

"Ya so in cike masa bulok har sama, alhali da motar yake shiga gari. Na ce za ta dahu a cunkoson Kawo. Bai ji daɗi ba."

Malam ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda dabarar take. Ya juya maganar ta kowane ɓangare. Macuta da yawa ya sani, bai taɓa ganin wanda ya ci nasara sannan ya dawo ya kankare fentinsa da kansa ba.

"Ka turo magabatanka," ya ce, kamar mai yanke hukuncin tara.

Mansura ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayar Sharhabil. Da ta sauko, ita da kanta ta karanta wa Malam saƙonnin, don a cewarta gara ta rage masa wahala.

"Ka tona mini asiri gaban Baba."

"Na fi iya ɗaukar fushinki, Hasken idona, da in ƙare rayuwata ina sunkuyar da kai in na gan shi."

"Ban huce ba. Ka ci abinci?"

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin unguwa. Bitrus na waje cikin babbar riga, yana gaya wa kowa shi ya haɗa abin. Da yamma abokan ango suka cika layi da motocinsu masu gurnani, yara na ihu.

Aka kawo amarya gaban mahaifinta, lulluɓe, tana kuka. Ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ki riƙe shi, ba ya ƙarya. Na bincika."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, aka sa ta a mota.

Malam ya biyo har ƙofar gida, abin da bai yi niyya ba. Ya sunkuya daidai gilashin, ya buɗe baki. Direba ya taka mai, injin ya yi wata irin ƙara da ta haɗiye layin gaba ɗaya, motar ta ja.

Ya tsaya da hannu a sama. Abin da ya so faɗa mata gajere ne: da ma tun farko ba yaron yake tsoro ba, gidan ne zai yi masa girma in ta tafi.