Hutun Azahar a Injin Shinkafa

Ranar da Bature ya kama aiki a wani injin casar shinkafa a Tudun Wada, ladan na kiran azahar aka kashe inji, Musulmi suka nufi alwala. Nan ya hangi Turai mai ɗinkin buhu ta karkaɗe ɓuntu daga ɗankwalinta, ta zauna kan buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Matasan Kirista na wurin suka kewaye ta.

Shi ma ɗan gidan Kirista ne daga Doguwa, amma rabonsa da coci tun yana sa gajeren wando. Ya matso dai, kuma kowa ya san ba karatun ne ya jawo shi ba.

"Malama, Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi. Har wanda ya sace maka babur?"

Aka kwashe da dariya. Turai ko gezau.

"Har shi. Amma ba a ce ka miƙa masa makulli ba."

Shi ke nan fa, kullum Bature da tambayarsa. Wata ta amsa, wata ta ce sai ta ji daga bakin fasto. Da ya samu lambarta, ya tura mata:

"Tauraruwata, in Allah ya san abin da nake so, don me sai na roƙa?"

Ta mayar masa: "Sarkin tambaya, ni ma na san abin da kake so, amma sai ka je ka roƙa wurin Baba."

Baba Istifanus, mahaifin Turai, dattijon ikilisiya ne, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da ya ba Markus mai koyar da mawaƙa 'yarsa. Da Bature ya je wurinsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, Allah kake nema ko 'yata?"

"Baba, gaskiya ita na fara gani."

"To, 'yata ba ladan zuwa coci ba ce."

Ya tura Turai garin Yako ta taya gwaggonta zaman jego, ya ce ban da waya. Lissafin tsoho, in babu yarinya babu karatu.

Da kaka ta kankama, Baba ya ɗauro shansherarsa a babur, ya daidaici azahar don ya gani da idonsa. Ya tarar da Bature kan buhu, matasa sun kewaye shi, yana bin layin Littafi Mai Tsarki da yatsa, yana karatu yana tuntuɓe. Luka mai dako ya katse shi.

"Me ya sa Allah ya ɗauke innata, alhali mun yi ta addu'a?"

Bature ya ɗago kai daga littafin.

"Ban sani ba, Luka. Ni ma tambayar nake yi. Matso mu gaya masa tare."

Suka sunkuyar da kai. Baba ya tsinci kansa ya cire hula. Da suka ce amin, ya yi gyaran murya.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. Inji ya tsaya, suka zuba min ido."

"Hmm. Ka turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure Markus da kansa ya ja mawaƙa, ko da yake muryarsa ta ɗan shaƙe. Alhaji Nazifi mai injin ya iso da ma'aikatansa da buhun shinkafa, suka jira a harabar coci. Ango da amarya suka fito suka durƙusa, Baba ya dafa kawunansu.

"Ubangiji ya riƙe gidanku, ya ba ku zuriya mai tsoronsa."

Na ciki da na waje suka amsa, "Amin."