Sukuru Biyu a Ƙugun Dogo

Auta na tsakar gida tana wanke-wanke Baba ya faɗo, fensir a kunne, garin katako har gira.

"An fasa auren!" ya ce. "Ashe da Dogon naki ya faɗo daga tsani, sukuru biyu aka ɗaura masa a ƙashin ƙugu? Shekara talatin ina kafinta, ban taɓa ganin sukurun da bai kwance ba. Ba zan aurar da 'yata ga kujera ba!"

Inna ta leƙo daga kicin. "Malam, naka dai ke kwancewa."

Ko kallonta bai yi ba. Auta kuwa sai hawaye shaaa! Shekara biyu tana son Dogo mai gyaran lantarki, ga shi kwance a asibiti, ga Baba da taurin kai. In ya ce a'a, ko motar katako ba ta ja shi.

Ba ta yi masa musu ba. Kwana bakwai tana kai masa abinci shago da kumburarrun idanu. A na takwas ta ce a hankali, "Baba, ban taɓa jin ka kushe aikin da ba ka duba ba."

Maganar ta soke shi. Washegari sai ga su a asibiti, sukundireba na leƙe daga aljihunsa.

Likita ta ɗaga hoton ƙashin a haske. Baba ya matso, ya kanne ido ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Hm. Hannunki a miƙe yake. To in ya kwance, ta ina za a ƙara ɗaure shi?"

Likita ta danne dariya. "Baba, in ka shafa wa katako gam, sai me?"

"In matse shi, in bar shi ya bushe."

"To aikin sukurun ke nan. Wata uku ƙashin zai haɗe da kansa, muddin ba a ɗora masa nauyi ba."

Baba ya gyaɗa kai. Dogo kuwa, don neman shiga, ya yunƙura zai tashi ya gaida suruki.

"Kai! Kai! Kwanta!" Baba ya daka tsawa har nas ta yar da faranti. "Aikin bai bushe ba! So kake ka ɓata wa baiwar Allah aiki, ka bar min 'ya ba miji?"

Auta ta rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mata.

Wata uku cur Baba na gadin Dogo, ko atishawa ya yi sai ya sha harara. Sai da Dogo ya zagaya shagon sau uku da ƙafarsa aka sa rana.

'Yan mata, ku duba: da Auta ta yi tsiwa, da ta rasa miji ta ɓata da uba. Haƙuri da magana mai taushi suka bar mata duka biyun.