Ranar da Doki Ya Kayar da Kaka

A unguwar Obiagu ta Enugu akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai kyan rubutu, ga son a yabe ta. Kakanta, Baba Ma'aruf, tsohon soja ne. Shekara ashirin ya yi yana kula da dawakin bariki. Yana son ya yi littafi a kan rayuwarsa, amma idonsa ya yi rauni. Don haka kullum bayan la'asar shi ya faɗa, ita ta rubuta.

Ran nan ya ce, "Rubuta. Ranar da na fara hawa doki, wani jan doki mai taurin kai ya watsar da ni cikin kwata."

"Kaka, kwata fa?"

"Har da hulata. Wani kurtu ɗan'uwana, Okwudili, shi ya jawo ni ta ƙafa."

Kunya ta kama yarinyar. A ce kakanta guda, soja, a cikin kwata? Sai ta sunkuyar da kai ta rubuta: "Na hau doki na yi sukuwa, kowa ya tafa mini."

Ranar Asabar sai ga Baba Okwudili ya zo ziyara. Tun a bariki ya iya Hausa. Kaka ya miƙa masa littafin yana murmushi.

"Duba shafi na uku, kana ciki."

Tsohon ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Sai fuskarsa ta canza.

"Ma'aruf, na so e be? Wato haka abin yake? Shekara arba'in muna tare, ko sunana babu. Ashe ka manta wanda ya ciro ka."

Ya ɗauki sandarsa zai tafi. Yarinyar ta ga za ta raba aminai, sai ta yi maza ta ce:

"Baba, don Allah ku tsaya. Ni na canza. Kunya na ji a ce Kaka ya faɗi."

Baba Okwudili ya dube ta, ya dubi Kaka, sai ya fashe da dariya har da tari.

"'Yata, ba don kwatar nan ba, ina zan san kakanki?"

Kaka ya ce, "Duk wanda ya iya doki sai da ya sha ƙasa. Ɗauko bironki."

Ta buɗe sabon shafi. Nan fa tsofaffin suka kaure da musu. Kaka ya ce sau ɗaya ya faɗi, amininsa ya rantse sau uku ne.

"To, wanne zan rubuta?"

Kaka ya sosa ƙeya. "Rubuta uku."

Daga ranar ta gane cewa in an ba ka amanar magana, ka isar da ita yadda take, ko da ba ta yi maka daɗi ba.