Gammo a Cikin Kankare

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowane sabon ciyaman ya gano cewa dimokuraɗiyya ba ta zama sai a ƙarƙashin kubba. Injiniya Garzali ya ga kwangilar zauren taron Wudil na neman suɓuce masa, sai ya tuna digiri bai hana mutum zuwa wajen boka a bayan Utai ba.

Bukkar bokan na warin jiƙo da tsohon jini. Ƙahoni a rataye, ƙwarya a kife kan wani abu mai numfashi.

"Mutum nawa kake ɗaukar nauyinsu?" in ji boka.

"Mahaifiyata, matata, da 'yata."

"Ka yarda su ma su ɗauki naka?"

Garzali ya yi dariya. "Ai da sun kyauta, Baba."

"Bakinka ya faɗa. Kawo min tsumman kowacce."

Da tsummokaran ya naɗa gammo, ya tofa, ya ce a binne a tsakiyar kubbar ranar zuba kankare.

Kwangila ta zo. Rabin rodin ya zama gida a Sabon Gari, rabin simintin ya zama Marsandi, kubba kuma ta tsaya ƙyam. Amma ma'aunan da ya dasa cikin kankaren don su nuna yadda nauyi ke matsa shi, allurarsu ko gezau. Garzali ya yi karatun da zai san nauyi ba ya ɓata. Wani wuri yake sauka.

Mahaifiyarsa Hajiya Uwa ce ta fara rasuwa. Masu wankan gawa suka ce wuyanta ya nutse cikin kafaɗu. Sai matarsa Rahinatu.

"Baban Mairo, wai me aka ɗora min a ka? Taɓa ka ji."

Ya taɓa. "Gajiya ce," in ji shi, idonsa a ƙasa.

A duƙe ta rasu. Bayan sadakar bakwai, 'yarsu Mairo ta ɗaga hannaye sama, ta ƙi saukewa. "Kar ku taɓa ni, za ta zubo!"

Garzali ya koma Utai a guje.

"Ciro gammon mana," in ji boka. "Kai ne injiniya, ka san abin da zai riƙe kubbar bayan nan."

Ya sani. Ya kori masu gadi, ya hau tsani da guduma, shi kaɗai. Har kasuwa aka ji rugugin kubbar da ta rufta da shi.

Mairo ta sauke hannu, hankalinta dai bai dawo ba. Gidan an sayar, kuɗin ya ƙare a wajen masu magani.

Mai kwaɗayi, in an ce maka ga dukiya babu wahala, tambayi kan wa wahalar ta sauka. Galibi yana cikin gidanka, yana zuba maka tuwo.