Farantin Wanda Bai Zo Ba

"Dina? Mene ne kuma dina?" Gwaggo Kulu ta jingine taɓarya ta dubi 'yar ƙanenta.

Saudatu ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Cin abincin yamma ne, Gwaggo. Junaidu ne yake so ke da Baba ku je rumfarsa ku ɗanɗani girkinsa."

"Ikon Allah! Namiji da tukunya, kuma surukai a bakin akushinsa? Wannan zamani!"

A wancan lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidaje da gonakin dawa ba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, in ya yi kuka har tsofaffi sai sun tsaya sun saurara. Kowa ya san kowa, kowa kuma ya san Junaidu na son Saudatu 'yar Malam Kailani, ita ma in an ambaci sunansa sai ta rasa inda za ta sa hannunta.

Junaidu maraya ne. Ya tashi a hannun wani Bature ma'aikacin reluwe da ake kira Mai Lofe, wanda ba Ingilishi ba ne, ya ce shi mutumin wata ƙasa ce mai sanyi da ake kira Folan. A wurinsa Junaidu ya koyi aikin kuku. Da zazzaɓi ya ɗauke Mai Lofe, sai ya kafa rumfa a hanyar tasha, da dogon tebur da benci, yana sayar da irin abincin ƙasar maigidansa. Malam Kailani bai ƙi yaron ba, amma bai ce ya ba shi ba. Shi mutum ne mai taurin kai, tun da ɗansa Isiyaku ya yi fushi ya bi jirgi Kudu ya hana a ambaci sunansa a gidan. Da ƙyar Gwaggo ta shawo kansa ya yarda zai je.

Ranar, bayan la'asar, Junaidu ya sallami masu ciniki, ya share rumfa, ya rataya asabari ya ware wa mata gefe guda. Saudatu ta zauna a bayan asabarin tana leƙe.

"Ga supu, Baba," in ji Junaidu yana durƙushe. "Naman rago ne, yankan mahautan unguwa."

Jar miya ce tsululu mai tsami. Gwaggo ta kurɓa ta yamutsa fuska. Aka kawo wani ƙullin fulawa dafaffe da aka cusa wa dankali da albasa, ta juya shi da yatsa ta raɗa wa Saudatu, "Wannan kuma ɗanwake ne ya yi ciki?" Da kabeji ya iso, wanda ya daɗe a tulu cikin gishiri, sai ta kasa daurewa.

"Kai yaro! Wannan ai ya lalace!"

"Haka ake cinsa, Gwaggo. Sai ya yi tsami yake nuna."

Saudatu ta ji kamar ta nutse. Amma duk wannan da sauƙi. Malam Kailani ko loma bai kai ba, idonsa na kan ƙarshen tebur. Can an ajiye farin faranti da cokali, an zuba abinci an rufe, ga kujera ba kowa a kai.

"Wa muke jira?" ya tambaya.

"Ba kowa, Baba."

"To na wane ne wancan?"

Junaidu ya sosa ƙeya, kunyar suruki ta ɗaure masa harshe. "Na... na wanda bai zo ba ne. Kullum nakan ajiye."

"Kullum?" Malam ya miƙe tsaye yana karkaɗe riga. "A'uzu billahi! Abinci a gaban kujerar da ido ba ya ganin mai ita? Iskoki kake ciyarwa! Ni zan ba ɗan bori 'yata? Kulu, Saudatu, ku tashi!"

Haka dina ta watse, miya ko hucewa ba ta yi ba. Saudatu ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta ji tausayinta, ta raka ta bakin rijiya inda Junaidu ke jira, ta koma gefe ta yi kamar tana duba guga.

"Don Allah ka ɗauke farantin nan," in ji Saudatu, hawaye na zuba. "Faranti ɗaya ne fa! Shi zai raba mu?"

"Saudatu, ni na fara ci a cikinsa." Junaidu ya dube ta. "Ina yaro, iyayena sun rasu, na yi ta tafiya har na faɗi a ƙofar Mai Lofe. Ranar sallarsu ce. Ya ce a garinsu ranar nan ba a zama cin abinci sai an ajiye farantin baƙo, ko Allah zai kawo matafiyi. Shekara da shekaru yana ajiyewa shi kaɗai, yana tuna mahaifiyarsa, ba wanda ya taɓa zuwa sai ni. Ya zaunar da ni yana kuka. Shi sau ɗaya yake yi a shekara, ni na yi wa Allah alkawarin kullum. In ba wanda ya zo, maƙwabta nake kai wa. Ina sonki, wallahi ina sonki, amma in na karya wannan, da wane baki zan yi miki alkawari?"

Saudatu ta zo da fushi, sai ta tarar son ya ƙaru. Ta share fuska ta ce, "Bar shi a inda yake. Zan jira."

Ta kai wa mahaifinta bayanin, ya ɗaga hannu tun ba ta kai rabi ba. "Wanda aka kama ba ya rasa labari," in ji shi. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta yi masa tsiwa ba, ba ta daina kai masa ruwan alwala ba, sai dai duk saurayin da ya aiko takan ce a ba shi haƙuri. Damina ta wuce, aka yi girbi, ta rame har awarwaronta na zamewa.

Wata safiya aka yi sallama a zaure da wata irin murya da ta sa ludayi ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Isiyaku ne! Ya yi baƙi ya bushe, rigarsa duk faci. Malam Kailani, mai hana a ambaci suna, shi ya fara rungume shi, rawaninsa na warwarewa bai ko kula ba.

Da aka natsa Gwaggo ta ce a kawo masa koko, yaro ya kwana da yunwa.

"Na ci jiya, Gwaggo," in ji Isiyaku. "Da jirgin yamma na sauka. Na zo har bakin lungun nan, kunya ta hana ni shigowa. Na ce gara in koma tasha in bi jirgi, kada Baba ya gan ni haka. A hanya jiri ya kwashe ni a gaban wata rumfa. Mai rumfar bai tambayi sunana ba, ya dai ce, 'Sannu da zuwa, ga abincinka.' Baba, faranti a rufe, da kujera, kamar an san ina tafe! Na ce wa aka ajiye wa? Ya ce wanda bai zo ba, yau kuwa ya zo. Sai na ce a raina, in wanda bai san ni ba ya ajiye mini wuri, ashe gidanmu ba za a rasa ba."

Saudatu ta toshe baki da gyale, hawaye na bin yatsunta.

"Abincin," in ji Malam a hankali, "da tsami?"

"Kamar me! Amma ban taɓa cin mai daɗinsa ba."

Da la'asar Malam Kailani ya ɗauki sandarsa ya ce Saudatu da Gwaggo su biyo shi. Junaidu na ganinsu ya zube ƙasa. Malam ya wuce ƙarshen tebur ya ja kujerar nan ya zauna, ya buɗe farantin.

"Baba, wannan ai na..."

"Na wanda bai zo ba, na sani. Rannan jikina ya zo, hankalina bai zo ba. Yau ya zo." Ya yi bisimilla ya kai lomar kabeji, ya runtse ido ya haɗiye da ƙyar. "Har yanzu ba daɗi, Junaidu. Amma ka yafe mini, na yi maka mummunan zato. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har masu wucewa suka tsaya.

An yi biki bayan sallar layya. Yau babu rumfar, babu gonakin dawa, tsofaffin da suka san ɗanɗanon kabejin nan ma sun ƙare. Amma har Saudatu ta tsufa ba ta taɓa rabon tuwo ba ta ware kwano ɗaya ta rufe ba. In jikoki suka tambaya, takan ce musu, "Kada ku yanke wa mutum hukunci kan abin da ba ku tambayi dalilinsa ba, kuma wanda ya yi haƙuri kan gaskiya Allah ba ya tozarta shi. Da na sa kakanku ya ɗauke farantin nan, da na rasa yayana, da kuma ban san irin mijin da na samu ba."

Sai ta gyara murfin kwanon, ta ɗan dubi ƙofa.